Bututun mai a gonarka: yadda mutanen ƙauye za su sa baki a binciken hukuma

Duk kamfanin da ke tura fetur, kananzir, dizal ko ɗanyen mai ta bututu yana da rubutaccen tsarin aiki: yadda yake kewaya layin, yadda yake yaƙi da tsatsa, wanda zai rufe bawul idan bututu ya fashe da tsakar dare, da wanda za a fara kira. Lokaci zuwa lokaci hukuma na duba wannan tsari, ta ga ko ya wadatar, ta kuma ga ko ana bin sa. Yawancin dubawar a ofis ake yin ta, kamfani ya kawo takardunsa, jami'i ya karanta. Mu da bututun ke kwance a ƙarƙashin gonakinmu, mu muka san ko abin da aka rubuta ya sauko ƙasa. Sai dai abin da muka sani, muddin a baki ya tsaya, ba ya isa gaban mai bincike.

Ni malamin firamare ne da ya ajiye alli, ina noma a wani ƙauye na kudancin Kano, ɓangaren hanyar Zariya, kuma ni ke riƙe wa dagacinmu takardu. Layin bututu ya yanki gefen gonar da na gada. Wannan bayani na masu unguwanni ne, da limamai, da shugabannin manoma, da duk saurayin da ke da waya mai kyamara da haƙurin rubutu.

San ƙofar da za ka ƙwanƙwasa

Har yanzu mutane DPR suke ambata, wato tsohuwar hukumar kula da harkar man fetur, alhali babu ita. Dokar masana'antar man fetur, PIA, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Agustan 2021, ta rushe ta, ta raba aikinta gida biyu. NUPRC na kula da haƙo mai. NMDPRA ke da hurumin tacewa, sufuri, ajiya da rarrabawa, wato bututun da ke kawo tataccen mai, da daffo, da gidajen mai. Ita ce tamu, kuma tana da ofis a Kano. Idan mai ya riga ya malala, akwai NOSDRA, wadda aka kafa a 2006 a ƙarƙashin ma'aikatar muhalli ta tarayya, aikinta gano malalar mai da sa ido a kan share ta. Gadin bututu daga masu fasawa yana cikin aikin Sibil Difens.

Bututun da ya shafe mu a nan shi ne wanda ya taso daga matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, ya biyo ta Zariya, ya ƙare a daffon Hotoro. A Zariya wani reshe ya nufi Gusau. Yana cikin layukan NNPC da tsawonsu a faɗin ƙasa ya haura kilomita 5,000. Kada a haɗa shi da AKK na iskar gas, mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Yunin 2020. Halinsu ba ɗaya ba ne. Iskar gas ta AKK ba ta kai iskar da muke shaƙa nauyi ba, sama take yi idan ta kufce. Tururin fetur kuwa ya ninka iska nauyi sau uku zuwa huɗu, ƙasa yake bi.

Za ka ji ana cewa, "Ai bututun nan ya mutu, yaushe rabon da mai ya bi ta cikinsa?" Gaskiya ne tun da matatar Kaduna ta daina aiki yadda ya kamata, a tanka yawancin manmu ke zuwa. Amma bututun da ke zaune ba lallai ne ya zama fanko ba. Ragowar mai na taruwa a inda ya gangara, tururi na cika sauran. Sannan ranar da aka dawo da tura mai ta tsohon ƙarfen da ya sha tsatsa, aka yi gine-gine da haƙe-haƙe a gefensa, ita ce ranar da ta fi kowace haɗari. Don haka tambayarku ta farko ga kamfani da hukuma: layin nan yana aiki, ko an zuƙe shi an wanke? Idan za a dawo da shi, za a gwada ƙarfinsa tukuna? Wa zai sanar da mu, kwana nawa kafin a fara?

Ku taka layin da ƙafarku, ku buɗe masa littafi

Ku sayi littafi mai kaurin bango, a ajiye shi a zauren mai unguwa, ba a ɗakin mutum ɗaya ba. Ku fita mutum uku ko huɗu, har da dattijon da ya ga lokacin da aka binne bututun, domin a wurare da dama turakun alama sun faɗi ko an tuge su, shi kaɗai ke tuna ta inda ya bi. Ku fara daga iyakar ƙauyenku da na gaba, ku zana taswira ko da ta hannu ce: ga inda ya ƙetare rafi, ga inda ya ratsa burtali, ga rijiyar da ta fi kusa, ga makarantar allo, ga gidajen da ke gangare da shi. Waɗanda ke gangare ku ja musu layi da jan biro.

Za ku riƙa cin karo da wani ɗan turke mai ƙaramin akwati a ka, da wayoyi a ciki. Yara na fasa shi su zare wayar, manya na ɗaure akuya a jikinsa. Ga amfaninsa. Ƙarfen da ke binne ana kāre shi ta hanya biyu: rufin da aka shafe bayansa da shi, da kuma wata raunanar wutar lantarki da ake sa masa don ta hana tsatsa cin sa. A wannan turke ma'aikaci ke jona na'urarsa ya auna ko wutar na nan. Idan aka fasa shi, babu inda za a auna, tsatsa na iya yin shekaru tana ci ba wanda ya sani. Duk wanda kuka samu a fashe, ya shiga littafi.

Lokaci biyu ne suka fi muhimmanci: washegarin ruwa mai ƙarfi, musamman a Agusta, da kuma farkon rani bayan an girbe dawa, ƙasa ta fito fili. Wata damina ruwa ya cinye gaɓar wani ɗan kwari a bayan gonakinmu, da safe sai ga bayan bututu a waje, tsawon kamu uku. Baƙin rufinsa ya ɓare a wuri ɗaya, faɗin tafin hannu, ƙarfen ya yi ja. Ruwa na bi ta ƙarƙashinsa, ya rarake ƙasar da ke tallafe da shi. Abin da na rubuta bai wuce layi huɗu ba: rana da kwanan wata, wurin (kwarin da ke yamma da tsamiyar makiyaya), tsawon abin da ya fito, da sunayen waɗanda suka gani. Na ɗauki hoto biyu, ɗaya daga nesa da tsamiyar a ciki don a gane wurin, ɗaya daga kusa da fartanya a gefe don a gane girma. Da wannan aka zo aka zuba duwatsu aka rufe. Ka kunna wa kyamararka alamar wuri kafin ka ɗauka, domin hoton ya riƙe inda aka ɗauke shi. Kuma kada ka taɓa bututun, kada ka ƙwanƙwasa shi don ka ji ko akwai mai.

Alamun yoyo ba ɓoyayyu ba ne: shuka ta bushe a wuri guda alhali na kewaye kore shar, ƙasa ta jiƙe a tsakiyar rani, ruwan kududdufi ya yi maiƙo mai launi-launi a sama, kumfa na tasowa daga taɓo, wari, ko ƙara kamar ta tayar da ta huje. Mata su ke fara jin ɗanɗanon kananzir a ruwan rijiya, makiyaya kuma su ke bin layin kullum. Ku sa shugabar mata da arɗo cikin wannan aiki tun daga farko. Na ga an yi taro a kan bututu babu ko ɗaya daga cikinsu, kuma raina bai so ba, domin an bar idanun da suka fi gani a waje.

Ku rubuta har ranar da kuka ga masu sintirin kamfani sun wuce, da abin da suka hau, da inda suka tsaya. Idan sun zo, littafin ya shaide su, idan wata uku ta wuce babu kowa, shi ma littafin zai nuna.

Yadda ake tambaya

A nan yawancinmu ke faɗuwa. Baƙi sun zo daga birni, an shimfiɗa tabarma a ƙofar dagaci, an sha ruwa, wani ya miƙe ya ce, "Yallaɓai, kuna kula da bututun nan kuwa?" Amsa ɗaya ce, "Ƙwarai kuwa." An gama. Tambayar da za a iya amsawa da "eh" ba ta ciro komai. Ku tambayi rana, da suna, da wuri. "Yallaɓai, wace rana aka kewaya layin nan na ƙarshe, kuma a ina mai kewayawar ya sa hannu?" Wannan dole a buɗe takarda, kuma kuna da taku takardar da za ku gwada da ita.

Yana da kyau ku riƙe wani ma'auni a kai. A Amurka, hukumar da ke kula da irin waɗannan bututai, PHMSA, ta wajabta wa kamfani ya sake bitar littafin tsarin aikinsa aƙalla sau ɗaya kowace shekara, kada tazarar ta wuce wata 15. Kewaya layi kuwa kada a wuce mako uku, aƙalla sau 26 a shekara. Manyan bawul ɗin layi a duba su aƙalla sau biyu a shekara. Wannan dokarsu ce, ba tamu ba, kada ka je ka ce wa jami'in NMDPRA an karya ta. Amfaninta shi ne ka san irin tazarar da masu sana'ar suka ɗauka a matsayin hankali, ka ce, "A tsarin da kuka amince wa kamfanin nan, kwana nawa ne tsakanin sintiri da sintiri?"

Sai maganar bawul, kuma ita ce na fi so a daɗe a kai. Idan bututu ya fashe, kashe injin turawa ba ya tsayar da malala nan take, domin man da ke cikin bututun ta sama da wurin zai ci gaba da gangarowa zuwa inda ya huje. Ku tambaya: ina bawul mafi kusa ta sama da mu da ta ƙasa da mu? Daga nesa ake rufe shi, ko sai mutum ya je da hannu? Idan da hannu ne, a ina mutumin yake kwana, wa ke riƙe da makulli, kuma minti nawa zai yi a hanya? A nan ku kuka fi su sani. A takarda za a iya rubuta minti arba'in, ku kuma kun san hanyar nan ta jar ƙasa ko babur ba ya wuce ta a tsakiyar damina idan kwalbati ya cika. Ku faɗa, ku ce a rubuta.

Ku tambayi yaushe aka cusa na'urar da ke bin cikin bututu tana auna kaurin ƙarfe, ko yaushe aka cika shi da ruwa aka matsa don gwaji, da abin da aka samu a sashen da ya ratsa ƙasarku. Ku tambayi zurfin da aka binne shi, domin zurfin ranar binnewa ba shi ne na yau ba a gonar da aka yi shekara arba'in ana huɗa.

Lambar gaggawa kuma, kada ku karɓa ku sa a aljihu. Ku kira ta a gabansu. Bayan sun tafi ku sake kira da daddare, ku ga ko ana ɗauka, ku ga ko mai ɗaukar na jin Hausa. Allon gargaɗi da aka rubuta da Turanci zalla bai gargaɗi kowa ba a ƙauyen da rabin mutanensa ajami suke karantawa. Ku nemi a yi shi da boko da ajami.

Dalilin da ya sa nake nacewa a kan waya shi ne abin da ya faru a garin Marshall na jihar Michigan a Yulin 2010. Bututun ɗanyen mai na kamfanin Enbridge ya tsage. Ƙararrawa ta yi ta kaɗawa a ɗakin sarrafawa da ke Edmonton a Kanada, ma'aikata suka ɗauka wata matsala ce daban, har sau biyu suna sake kunna injin turawa. Sama da awa 17 aka yi kafin a gane, mai fiye da lita miliyan uku ya zuba, ya shiga kogin Kalamazoo. Mutanen gari sun ji wari tun cikin dare, sun kira lambar gaggawa ta gari, amma labarin bai kai ga masu bututun ba sai da wani ma'aikacin kamfanin gas ya ga man da idonsa ya kira su. Ƙasa ce mai na'urori da dokoki rututu, amma hancin mazauna ya riga kwamfuta, aka rasa hanyar da za ta sada su. Wannan hanya ita za ku nemi a gina muku, kuma a rubuta ta cikin tsarin kamfanin da sunan ƙauyenku.

A taron, dagaci ne zai buɗe, kuma shi zai rufe. Ni abin da nake yi, kafin baƙi su iso na zauna da shi na ce, "Ranka ya daɗe, tambayoyi biyar ne, ga wanda zai yi kowace." Hakan na hana mutum goma maimaita abu ɗaya, ya kuma hana taron komawa faɗa. Mutum ɗaya ya zauna ba ya magana, aikinsa rubuta sunan kowane baƙo, da ofishinsa, da abin da ya yi alkawari. A karanta a gabansu kafin a shafa fatiha.

Takarda

Ba sai kun jira an zo muku ba. Ku rubuta wa ofishin NMDPRA, shafi ɗaya, da Turanci, ku haɗa da kwafin Hausa don mutanenku su san abin da aka aika da sunansu. Ku faɗi ƙauye, gunduma da ƙaramar hukuma, abin da kuka gani da kwanan wata, hotuna, da abin da kuke nema a yi. Dagaci ya sa hannu. Ku kai kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a kan naku. Takardar da ba ta da wannan hatimi, gobe ana iya cewa ba a gan ta ba. Kwafi ya je wa kamfanin, da hakimi, da shugaban ƙaramar hukuma. Idan bayani kuke nema daga hukumar tarayya, ku ambaci dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa.

Shawara ɗaya da ba kowa ke son ji ba: kada ku cusa roƙon rijiyar burtsatse, da gyaran aji, da ɗaukar samari aikin gadi a cikin wannan takarda. Buƙatu ne na gaske, ku rubuta musu tasu daban. Idan kuka haɗa, za a ba ku mafi sauƙi a cikinsu, a ce an biya wa al'umma buƙata, bututun kuma yana nan a tone.

Namu ɓangaren

Mai bincike zai duba mu kamar yadda zai duba kamfani, kuma yana da gaskiya. Dokar bututun mai ta 1956 ta ba mai lasisi ikon amfani da zirin ƙasa da faɗinsa bai wuce ƙafa 200 ba, sai dai in lasisin ya faɗi wani faɗin daban. Ku nemi a gaya muku faɗin naku, a kafa turaku. A cikin wannan ziri babu gini, babu rijiya, babu shadda, babu haƙar yashi ko ƙasar bulo, babu dasa mangwaro ko darbejiya, babu ƙona sharar gona. Tifa mai lodi ba ta ƙetarawa sai ta inda aka tanada.

Wani dattijo a unguwarmu ya sa yara haƙa masa shadda, taku kaɗan daga layin. Na same su sun kai gwiwa. Na ce, "Baba, a yi haƙuri a ɗaga ta zuwa bayan rumbu." Ya ce filin na kakansa ne tun kafin a san fetur. Ban yi musu da shi a kan wannan ba, domin gaskiya ya faɗa. Na nuna masa cewa rami kusa da bututu matattarar tururi ne, kuma jikokinsa da fitila ko ashana za su riƙa shiga da daddare. Ya yi shiru, ya ce wa yaran su mayar da ƙasa. Mutanenmu ba taurin kai ne da su ba, bayani ne ba a yi musu.

Haƙar da ta fi ban tsoro ita ce ta inji. A Ijegun ta Legas, a Mayun 2008, motar aikin hanya ce ta daki bututun mai, wuta ta tashi ta ci gidaje, ta kai har makarantar da ke kusa, rayuka da dama suka salwanta. Idan kun ga katafila ko injin haƙar burtsatse ya doso layi, ko da aikin gwamnati ne, mai unguwa ya tsayar da direba cikin ladabi har sai wakilin masu bututu ya zo ya nuna inda yake. Masu fasa bututu da gangan kuwa, dokar 1975 kan zagon ƙasa ga harkar mai ta tanadar musu hukunci mai tsanani, har kisa ko ɗaurin da zai kai shekara 21. Wanda ya ɓoye su don ɗan gari ne, ya sani nasa gidan ne ke kusa da ramin da suka bari.

Ranar da kuka ji wari

Mu a wannan yanki ba ma buƙatar a ba mu labarin wutar fetur. A daren 15 ga Oktoban 2024 tanka ta faɗi a Majiya, ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, mai ya cika kwata, mutane suka fito da jarkoki da bokitai, wuta ta tashi. Sama da mutum 150 aka rasa, Allah ya jiƙansu ya gafarta musu. A Jesse ta jihar Delta, a Oktoban 1998, bututu ne, kuma waɗanda suka mutu sun haura dubu. Ba na zagin wanda talauci ya tura ɗibar mai, na san farashin lita. Amma tanka ƙarewa take yi, bututu kuwa yana iya ci gaba da zubowa awa da awanni.

Ba ruwan fetur ne ke fara kamawa ba, tururinsa ne, kuma ba ya buƙatar yawa: abin da bai kai kashi biyu cikin ɗari na iska ba ya isa. Yana kwarara a ƙasa kamar ruwan da ba a gani, ya bi kwata, ya shiga kwari, rijiya, shadda, ya iske murhu a gidan da ke nesa, wutar ta biyo shi ta dawo. Don haka ka bar wurin da ƙafa, ka nufi tudu, ka nufi inda iska ke fitowa, ba inda take zuwa ba. Kada ka tada babur ko mota, kada ka kunna ko ka kashe tocila, kada ka taɓa janareto ko injin ban-ruwa da ke cikin warin. Bokitin ƙarfe da ya gogi dutse na ba da tartsatsi, jarkar roba ma na tara wutar gogayya, musamman da hunturu idan iska ta bushe. Sai ka yi nisa, warin ya yanke, sannan ka yi waya: lambar kamfani, lambar gaggawa ta ƙasa 112, 'yan kwana-kwana, dagaci. A aika yara masu gudu gidajen da kuka ja wa jan layi a kashe wutar girki a fita. Ladan ya sanar daga masallacin da ke can nesa da warin. Samari su tare hanya ta ɓangarori biyu, daga nesa, su hana masu babur da masu jarka shiga.

Idan wuta ta kama, kada a watsa mata ruwa, fetur tasowa yake yi a kan ruwa ya bazu da wutarsa. Wanda ya ƙone a zuba wa ƙunar ruwa mai sanyi mai tsabta na kimanin minti ashirin, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a kai asibiti. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da baƙin mai.

Bayan an rufe bawul

Doka ta ba kamfani awa 24 ya sanar da NOSDRA malalar mai, kuma akwai tarar naira 500,000 a kowace ranar da ya yi jinkiri. Kada ku dogara da shi, ku ma ku sanar, ku rubuta lokacin da kuka fara gani da lokacin da kuka kira. Daga nan ake fitowa binciken haɗin gwiwa: hukumomi, kamfani, ma'aikatar muhalli ta jiha da wakilan al'umma su je wurin tare, su rubuta musabbabi, da yawan man, da faɗin ɓarna, kowa ya sa hannu.

Wannan takarda ita ce komai, ga dalili. Dokar 1956 ta ce mai lasisi zai biya diyya ga wanda fashewa ko yoyon bututu ya cutar, amma ta cire wanda laifinsa ne, ta kuma cire ɓarnar da wani ya yi da mugun nufi. Ma'ana, idan aka rubuta "fasawa aka yi", maganar diyyar gonarka ta shiga wahala, idan aka rubuta "tsatsa ce", nauyi ya hau kan kamfani. A yankin Neja Dalta an daɗe ana rigima a kan wannan gurbi ɗaya na musabbabi a takardar, har ƙungiyar Amnesty ta fitar da rahoto a 2013 tana sukar yadda ake cike shi. Saboda haka wakilinku ya zama mai karatu, ya tsaya har a tone wurin, ya ga hujin da idonsa, ya ɗauki hoto kafin a ɗaure shi. Hujin tsatsa yawanci bakinsa a cinye yake, ƙarfen kewaye ya yi siriri ya yi ramuka. Na na'urar huda ko zarto kuwa a tsaftace yake, ƙarfen gefensa da kaurinsa. Kada ya sa hannu a takardar da aka bar gurabe babu rubutu. Idan bai yarda da abin da aka rubuta ba, ya rubuta rashin yardarsa a jikin takardar kafin ya sa hannu, ya kuma karɓi kwafi a nan take. A nan littafinku zai yi magana: idan kun rubuta tun bara cewa rufin bututu ya ɓare a wannan wuri, da hoto da hatimin karɓa, ba mai iya share wannan da baki.

Ku auna gonakin da abin ya shafa tare da malamin gona, a rubuta abin da ke shuke da matakin da ya kai, a ƙirga dabbobin da suka mutu kafin a binne. Idan ba a daidaita a kan kuɗi ba, dokar ta ce kotu ce ke yankewa, don haka a nemi lauya kafin a karɓi wani abu da sunan "a rufe magana".

Rijiyoyin da ke kusa a rufe su, a daina sha, a daina ba dabbobi, ko da warin ya tafi. Fetur na ɗauke da sinadarin benzin mai haddasa kansar jini, kuma tafasa ruwa ba gwaji ba ne. A rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan ƙasar Ogoni a 2011, an samu rijiyoyi a Nisisioken Ogale da benzin ɗinsu ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900, mutane kuma suna sha. Ku nemi a ɗebi ruwan a gabanku, a rubuta sunan rijiya a jikin kwalba, a kawo muku sakamako a rubuce. Ku nemi a sake gwadawa bayan damina ta farko, domin ruwan sama ne ke tura abin da ya maƙale a ƙasa zuwa cikin rijiya.